Mai Wutsiya a Kwalba

A lakkol ɗinmu ta Bagalam,
bisa kabad ɗin da makullinsa ya ɓace,
akwai kwalba mai ruwa kalar shayin da ya kwana.
Ciki wani abu ya lanƙwashe, baƙi da ɗigon rawaya.
Gara ta ci takardar sunansa,
ta bar mana "sala", ta tafi da saura.

Tsahiru ya ce kulɓa ce.
Barira ta ce tsaka, ta tofa yawu gefe.
Ni na ce ƙadangare ne ya faɗa randa ya kumbura.
Mushe Nomau ya bari muka gaji,
sannan ya ɗaga kwalbar wajen hasken taga:
"Ku nemo mini ɓawo ko ɗaya a bayansa.
Ku nemo ƙumba.
Ku ƙirga yatsu, huɗu gaba, biyar baya.
Ƙadangare ba danginsa ba ne,
kama da wane ba ta wane.
Ɗan'uwansa na nan bayan masallaci,
shi ke hana ku barci da damina."

Kwaɗo?
Sai da mai gadi ya leƙo jin dariyarmu.

Ya ja alli ya zana gida mai ɗaki uku.
Ɗaya na marasa wutsiya, Anura, kwaɗi da burduddugi.
Ɗaya na marasa ƙafa, masu ratsa ƙasa kamar tana.
A na tsakiya ya rubuta Urodela:
masu riƙe wutsiya har tsufa,
wasu a kogo, ido ya zama ba amfani,
wasu sun kai tsawon yaro,
wasu a yanke musu hannu su tsiro da wani
kamar zogale bayan sara.
"Nan ƙasarmu babu ko ɗaya," in ji shi,
"hamada ta tare musu hanya."

Da dare na kai wa Inna Tabawa labari,
tana ɓarar gujiya, ba ta ɗago ba.
"Mu ma uku muka raba su tun kaka da kakanni:
wanda ake ci, wanda ake kashewa,
da wanda ake bari ya wuce abinsa.
Naka a ina yake?"
Na ce ban sani ba.
"To malaminka da sauran aiki."

Ruwan Agusta ya sauka, gulbi ya taso daga Jibiya,
ya bar kududdufai a gangaren Sura Bildi.
Can na gan shi cikin laka:
ƙafa huɗu, fata mai santsi, ga wutsiya tana kaɗawa.
Na kamfato shi da gwangwanin tumatir,
na yi ta gudu, ruwa na zuba a wandona.
"Mushe! Hamada ba ta tare duka ba!"

Bai yi dariya ba.
Ya miƙo mini abin awo.
"Ajiye shi kusa da kwalba.
Kowace safiya ka auna, ka rubuta."

Litinin, wutsiya santimita biyu.
Laraba, ɗaya da ɗan kaɗan, na zargi idona.
Juma'a, wani ɗan tsiro kamar ƙwayar dawa.
Ban gaya wa Tsahiru ba.
Wata Litinin na iske gwangwani wayam,
sai sawun laima a siminti,
tsalle, tsalle, har bakin ƙofa.
Talibambam ne ya gama girma ya koma ɗakin ubansa.

Yau ina jera magunguna a wani kanti kusa da babbar kasuwa,
na zazzaɓi nan, na tari can,
kwalaye biyu masu kama ba na yarda da su
sai na juya na karanta.
Mai wutsiyar nan ban taɓa ganinsa da rai ba,
ban kuma sama masa ɗaki a gidan Inna ba.
Amma kayen yana nan, bera ya ci gefensa,
shafi na ƙarshe da jan biro, hannun Mushe Nomau:
"Awonka daidai ne.
Suna ka yi wa gaggawa."